Irin da ya sauya hali: lamarin wata mai kindirmo a Yamai

Asalin sana'ar

Mai wannan sana'a Ba'adara ce, daga wani ƙauye kusa da Tawa, aure ya kawo ta Yamai. Da ƙwarya biyu ta fara sayar da kindirmo a ƙofar gida. A shekarar da kindirmonta ya fara lalacewa tana da mata huɗu masu taya ta aiki, da firigo biyu, da injin liƙe leda, tana sarrafa madarar shanu lita 60 zuwa 80 a kowace rana. Daga rugagen wajen Kollo madarar take zuwa, a cikin bido, bisa babur, kafin ƙarfe tara na safe. Ni ɗiyar ƙanenta ce, kuma ni ke riƙe littafin shiga da fita, saboda haka watanni da awon da ke cikin wannan rubutu daga littafin nan na ɗauko su.

Tsarin aikin ba shi da wuyar faɗi. A tace madara, a tafasa, a juye a bokitan roba na lita 20, a bar ta ta huce, a zuba iri, a rufe ta kwana. Da asuba idan ta yi barci a burga ta, a ɗura a leda, a liƙe, yara su ɗauka a kula su rarraba wa shaguna, leda ɗaya dala ashirin. Iri kuwa shi ne ɗan kindirmon jiya da ake zuba wa madarar yau. Na Gwaggo daga ƙwaryar mahaifiyarta ya fito, tun zuwanta birni ba ta taɓa bari ya yanke ba. Masu saye da ƙamshinsa suke gane shi, da tsaminsa mai laushi wanda ba ya kartar maƙogwaro.

Abu ɗaya ya sauya a shekarar da ta gabaci matsalar. Da ta fara kai wa shaguna, ledojin da ba su sayu ba sukan dawo da maraice. Da yake madarar yini akan tafasa ta ne da la'asar, sai ya zama daga waɗannan ledoji ake farkawa a zuba iri, don kada a yi asara.

Maris: ledoji sun fara kumbura

A mako na biyu na Maris wani mai shago ya dawo da leda 14, duk sun kumbura sun yi tauri kamar ƙwallo. Muka farke ɗaya. Ta yi tsaki, ruwa ya rabu da guda, warin kuma irin na ƙullun da ya kwana ya wuce misali. Kafin ƙarshen wata abin ya zama na kullum. Wata rana kashi ɗaya cikin biyar na kayan ke dawowa, wata rana fiye da haka. A cikin bokiti ma an fara ganin ƙananan ramukan iska a jikin nonon tun kafin a burga shi.

Lokacin ya zo daidai da shigowar bazara. A Yamai zafin rana a Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne aka fi ɗauke wuta. Ɗakin da bokitan ke kwana rufin kwano ne.

Afrilu da Mayu: abin da aka gwada

Zargin farko kan masu kawo madara ya faɗa. Aka sayo ma'aunin kaurin madara don kama wadda aka sirka da ruwa, aka kuma sauya mai kawowa na mako biyu. Kumburin bai ragu ba. Sai aka ƙara lokacin tafasa, har madara ta fara ƙauri a gindin tukunya. Nan ma shiru. Aka dinga wanke bokitai da omo sau biyu, ana ɗauraye su da ruwan jabel. Kwana biyu aka ga sauƙi, a na uku abin ya dawo.

A tsakiyar Afrilu wata abokiyar sana'a ta ba da shawarar irin kanti, busasshen garin nan na cikin ƙaramar takarda da masu yawur ke amfani da shi. Bakteriya iri biyu ne a cikinsa, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus delbrueckii bulgaricus, kuma sun fi son zafin digiri 42 zuwa 45. Kwanon farko ya yi kyau, ya kama cikin awa biyar, babu iska. Amma masu saye suka ce wannan ba kindirmon Hajiya ba ne, yawur ne. Da yake garin yana da tsada, daga nonon da ya bayar aka ci gaba da ɗibar iri kamar yadda aka saba, a bokitan da aka saba. A zubi na huɗu ledoji suka sake kumbura. Allah ya sa ba a watsar da tsohon irin ba, an ci gaba da raya shi a bokiti guda.

Ranar 9 ga Mayu wani abu daban ya faru: bokiti biyu suka kwana ba su yi barci ba sam, madara tsararo. Da aka bi sawu, wani makiyayi ya yi wa saniyarsa allurar kashe ƙwayoyin cuta, ya tatse ta washegari ya haɗa da sauran. Ragowar irin wannan magani yana fita a madara, tafasa ba ta gama kashe ƙarfinsa, kuma bakteriyar nono ba ta jure shi. An yi magana da mutumin cikin mutunci, ya ce bai san haka abin yake ba. Wannan ya ɓatar da mu kusan mako biyu, domin mun ɗauka mun kama tushen matsalar gaba ɗaya.

A ƙarshen Mayu aka kai leda uku wani ɗakin gwaji a cikin gari. Can suka shuka nonon a faranti, suka ƙirga abin da ya tsiro. Takardar ta nuna bakteriya masu yawa, wanda dama haka nono yake, da ƴan ƙwayoyin hanji da ake kira kolifom. Shawarar da aka rubuta a ƙasa ita ce a ƙara tsafta. Gwaggo ta daɗe tana kallon takardar. Mace ce da ba ta barin ƙuda ya sauka a faifanta, kalmar ta yi mata ciwo.

Yuni: karatun DNA na farko

Ɗan wata maƙwabciyarmu ɗalibi ne da ke nazarin ƙananan halittun abinci don digirinsa na biyu, yana neman samfurin nonon gargajiya. Shi ya zo da kansa ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Hajiya, in kin yarda zan ɗebi kaɗan, mu ga su wa ke zaune a cikin irin nan." Ta ce, "Ɗana, ɗebi. Ni dai na san wanda na zo da shi daga gida, ban san wanda ya shigo daga baya ba."

Yadda ya bayyana mana aikin shi ne haka. Kowace bakteriya tana ɗauke da wani yanki na ƙwayoyin gado da ake kira 16S, mai tsawon haruffa kusan 1,500 daga haruffan DNA huɗu, A da T da G da C. Wasu sassan yankin kusan iri ɗaya ne a duk bakteriya, wasu sassa tara kuma suna bambanta daga jinsi zuwa jinsi, kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum. Da irin wannan tsari ne masana biyu, Carl Woese da George Fox, suka sake fasalin rabe-raben halittu a 1977. A yau ana fasa ƙwayoyin da ke cikin ɗan cokalin nono, a tsamo DNA, a ninka yankin sau miliyoyi da dabarar PCR, a karanta wani gutsure nasa, galibi sassa na uku da na huɗu masu haruffa wajen 460, sannan kwamfuta ta gwama abin da aka karanta da rumbunan bayanai irin su SILVA da GenBank ta fitar da sunaye. Amfaninsa a kan faranti shi ne yana ganin har waɗanda ba sa yarda su tsiro a ɗakin gwaji.

Ya ɗebi samfur uku, duka daga nonon da aka gama, ya tsamo DNA a nan Yamai, aka aika waje don karantawa. Sakamako ya dawo bayan mako biyar. Mafi yawan abin da aka karanta bakteriyar tsami ce. Streptococcus thermophilus na kan gaba, sai Limosilactobacillus fermentum, wadda kafin 2020 ake kira Lactobacillus fermentum, lokacin da masana suka rarraba tsohon rukunin Lactobacillus zuwa rukuni 25. Lactococcus kaɗan ne ƙwarai. Dangin kolifom ma kaɗan.

Da wannan takarda ba a iya yin komai ba. Sunaye ne na halittun da kowa ke tsammanin samu a nono. Ɗalibin da kansa ya faɗi kuskure biyu da ya yi. Na farko, ba shi da abin gwamawa: bai san yadda irin yake ba lokacin da yake lafiya, don haka ba zai iya cewa me ya ƙaru ko me ya ragu ba. Na biyu, ma'aunin 16S na bakteriya ne, ba a ƙera shi don tantance yis ba, wato ƙwayar nan mai kumbura ƙullu, alhali warin ƙullu da muka yi ta faɗa masa alamar yis ce.

Yuli da Agusta: karatu na biyu

Kafin sakamakon farko ya iso damina ta sauka, gari ya yi sanyi, kumburin ya ragu da kansa zuwa leda biyu ko uku a rana. Matan aiki suka ce ai ta warke. Gwaggo ta ce ƙamshin bai dawo ba.

A wannan karon an tsara ɗibar da kyau. Samfur 12: madara ɗanya daga bido, madara bayan tafasa, madara bayan ta huce a bokiti kafin a zuba iri, nono da asuba, ledar da ta yini a shago ta dawo, gogen cikin bokitai biyu, gogen maburgi, gogen bakin injin liƙe leda, da kwalba ɗaya ta ruwa tsarkakakke da aka bi da ita duk matakan don a kama gurɓatar da ka iya fitowa daga kayan gwajin. Sauran biyun su ne suka fi muhimmanci. Yayar Gwaggo tana ƙauye har yanzu, tana raya irin mahaifiyarsu a ƙwarya, ba ta taɓa haɗa shi da wani ba. Na je da kaina. Na same ta da hantsi ta buɗe faifai, nonon ya kama sumul, fuskar sa kamar farar tasa, ta sa ludayi ta yanko gefe ta zuba a ƙaramar ƙwarya ta ajiye a gindin randa kafin kowa ya taɓa sauran. Wannan shi ne irin gobe. Na ɗebo kwalba biyu, na sa a kula da ƙanƙara, na biyo motar safe ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, tafiyar kilomita fiye da 500. Ɗaya kwalbar aka zuba mata ruwan adana DNA tun a can, ɗayar aka bar ta da rai.

Ban da 16S, an karanta wani yanki da ake kira ITS, wanda shi ne ake tantance yis da dangin naman gwari da shi. An kuma shuka samfuran a farantin yis don a samu ƙidaya, domin karatun DNA rabo yake nunawa, wane ya fi wane yawa, ba ya faɗin adadin ƙwayoyi a cikin cokali, kuma yana ƙirga matattu tare da masu rai.

Sakamako ya zo a ƙarshen Agusta. Irin ƙauye taro ne mai faɗi: Lactococcus lactis ce ta fi yawa, sai Streptococcus thermophilus, sai Leuconostoc, da L. fermentum ƴar kaɗan. Akwai yis a cikinsa, amma a faranti ɗigo-ɗigo ya tsiro. A irin Yamai Lactococcus da Leuconostoc sun kusa ɓacewa, L. fermentum ta bunƙasa, farantin yis kuwa ya cika maƙil, kuma ITS ya nuna kusan duka Kluyveromyces marxianus ne. Ya fi yawa a ledar da ta dawo daga shago. An same shi a gogen bokitai da maburgi. Madara bayan tafasa ba ta tsirar da komai ba, amma wadda ta huce a bokiti, tun kafin a zuba mata iri, ta riga ta ɗauki yis ɗin da ƴan Enterobacter da Klebsiella, dangin kolifom.

Halayen waɗannan halittu sanannu ne. Lactococcus lactis ta fi jin daɗin digiri 30, tana tsayawa da girma idan zafi ya kai wajen 40. Ita da Leuconostoc ke ba nono ƙamshin nan mai kama da na man shanu. L. fermentum tana girma har a digiri 45, kuma idan ta ci sukarin madara ba tsami kaɗai take fitarwa ba, har da iskar kabon. K. marxianus yana daga ƴan tsirarun yis masu iya cin sukarin madara, yana jure zafi, yana jure tsami, abin da yake fitarwa kuma iska ce da ɗan barasa. Ledar da ta yini a shagon da aka ɗauke wa wuta ta yi zafi ta kuma yi tsami fiye da kima. A cikinta masu ƙamshi suna mutuwa, masu iska suna hayayyafa. Daga nan ake ɗibar irin gobe.

Da ɗalibin ya zo da takardun, ya ɗauki bokiti ɗaya ya karkata shi wajen haske, ya ce, "Hajiya, sa yatsa nan." Cikin robar duk zane ne na soson ƙarfe, wasu har farce na shiga. A cikin irin waɗannan ramuka ƙwayoyi ke yin shimfiɗa mai yauƙi da suke fakewa a ciki, omo ya wuce ta kansu.

Satumba da Oktoba: gyara

Kwalbar da na kawo da rai an yi ta raya ta a gidan ɗalibin tun Yuli, a ƙaramar tukunya daban, an kuma daskarar da wani kaso. Daga ita aka sake tada iri. A ranar 8 ga Satumba aka yi babban zubi a tukunyar da aka tafasa, da ya kama aka rarraba shi a ƙananan kwalabe 30 da aka dafa, aka jera a ɓangaren ƙanƙara.

Sauran sauye-sauyen a aikin hannu suke. An daina ɗibar iri daga kayan da suka dawo. Da asuba, kafin a burga, ana yanko irin gobe da ludayin da aka tsoma a tafasasshen ruwa, a rufe a sa a firigo. Bayan zubi biyar ana watsar da layin a buɗe sabuwar kwalba. Bokitan roba an mayar da su na wanki, aka sayi tukwane uku na ƙarfen da ba ya tsatsa, ɗaya bayan ɗaya yadda kuɗi suka samu. Madara ana riƙe ta a digiri 85 na minti 30, a tukunyar da za ta kwana a ciki, ba juyewa. Ana tsoma gindin tukunyar a baho mai ruwa da ƙanƙara har ta sauko digiri 35 cikin ƙasa da awa ɗaya, inda a da takan yi awa huɗu a buɗe tana hucewa. Iri rabin lita ake zuba wa lita 20, a da ƙiyasi ake yi da ido. Tukwanen sun koma ɗakin ƙasa na bayan gida, wanda ya fi sanyi. An sayi takardar awon tsami: madara sabuwa tana tsakanin pH 6.6 da 6.8, tana kamawa a 4.6, kuma da ta kai nan ake sanyaya ta, ko da gari bai waye ba.

Don a bambance aikin gyara da aikin sanyin gari, an bar bokitin roba ɗaya da tsohon iri da tsohon tsari har mako uku, ba don sayarwa ba. Kowace rana ana ajiye leda biyar daga kowane ɓangare a kan tebur, ba firigo, na awa 24. A Oktoba, da ruwa ya ɗauke zafi ya ɗan dawo, ledojin tsohon tsari sun kumbura a yawancin ranaku. Na sabon tsari sun yi tsami, ba su kumbura ba.

Bazarar da ta biyo baya

Daga Maris zuwa Mayu na shekarar da ta biyo, ledojin da suka dawo saboda kumburi ba su wuce 20 ba gaba ɗaya, kuma 11 daga cikinsu na mako guda ne da aka yi sakaci aka kai zubi tara ba a buɗe sabuwar kwalba ba. Da aka buɗe, abin ya tsaya. An sake karanta samfur biyu a Afrilu. Lactococcus ta ragu idan aka gwada da irin ƙauye, amma tana nan, yis kuma ɗigo-ɗigo. Tsofaffin masu saye biyu da suka bar mu sun dawo, ɗaya ta ce wa Gwaggo ƙamshin gida ya dawo.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina irin bai kamu da wata baƙuwar cuta ba. Kusan duk waɗanda suka ɓata nonon suna cikin irin ƙauye ma, a ɗan ƙaramin rabo. Abin da ya faru zaɓe ne da aka yi ta yi ba da sani ba, kullum ana ɗibar irin gobe daga ledar da ta fi shan zafi, kamar makiyayin da ke barin mafi ƙarancin nono a garke yana sayar da masu kyau. Bokitan da suka karce suka zama maɓoyar da ke mayar da yis cikin kowace sabuwar madara, shi ya sa irin kanti ma bai wuce zubi uku lafiya ba. Sauya mai kawo madara da ƙara tafasa ba su yi amfani ba domin ɓarnar bayan tafasa take shiga.

Karatun DNA na farko ya gaza ne saboda yadda aka ɗebi samfur da kuma ma'aunin da aka zaɓa. Na biyun ya yi amfani saboda an bi madarar mataki-mataki, kuma an samu irin da za a gwama da shi. Gaskiya ne farantin yis mai araha, da an nemi a yi shi tun Mayu, da ya nuna rabin matsalar. Abin da faranti ba zai nuna da sauƙi ba shi ne ɓacewar Lactococcus da Leuconostoc, kuma wannan ne ya sa aka koma ƙauye neman iri maimakon a tsaya ga wanke-wanke. Hanyar tana da iyakarta: gutsuren 16S ba ya bambance ƴan gida ɗaya a cikin jinsi guda, kuma ba ya ganin bairos masu cin bakteriya, waɗanda tun 1935 aka gano a New Zealand suna kashe irin cuku. Ga mai lita 70 a rana wannan gwaji ba na kowane wata ba ne, kuɗin binciken ɗalibin ne ya biya shi.

Raunin da ya rage shi ne wuta. Kwalaben ƙanƙara ba sa son narkewa da sake daskarewa, kuma daskarewar ma tana kashe wani kaso a hankali, don haka duk wata uku ake sabunta su. Idan aka ɗauke wuta fiye da awa shida ana kwashe su a kula da ƙanƙarar saye. Gwaggo ta kuma yi magana da yayarta cewa duk rintsi kada ta haɗa ƙwaryar nan da wani iri, kuma bayan kowace damina ni ke zuwa in ɗebo sabo.